Akushin Da Ba A Kife Ba

Assalamu alaikum, jama'ar da ke biye da ni. Wanda yau ne farkon zuwansa ya matso kusa, tabarmar da faɗi. Ni ce Balaraba ɗiyar Audu Mai Banda, ta bakin tabkin Madarumfa. Abin da zan ba ku ya faru ne a zamanin Nasara, a shekarar da aka yi ƙuri'ar "i" da "a'a", lokacin ina budurwa, kaina na rawa, ba abin da ke gabana sai kitso da lalle da wani dogon masunci mai suna Ɗan Azumi. Ku yi mini dariya in kuna so, ni ma da dariya na fara.

Babana ba attajiri ba ne, kada sunan ya ruɗe ku. 'Yan jirage ne gare shi, da taru, da murhun banda a bayan gida inda ake ƙyafe tarwaɗa da karfasa, a ɗora wa jakuna zuwa kasuwar Maraɗi da Jibiya. Hayaƙin nan ya shiga komai namu. Zanen da na wanke na turara da turaren wuta, in na ɗaura na fita sai ƙawayena su toshe hanci su ce, "Ga amaryar tarwaɗa nan tahe."

A gidanmu ba a cewa lebura. Duk wanda ke wa Baba aiki yana da akushinsa na itace, da alamarsa da maƙeri ya ƙona a baki. In ka tambayi Baba mutum nawa ke ƙarƙashinsa, ba zai ƙirga kawuna ba, cewa zai yi, "Akushi bakwai ke hita gidana." Mai akushi yana da tuwonsa safe da yamma, da kasonsa a kowane kamu, da rigar Salla, in ya isa aure Baba ya tsaya masa. In ƙarfinsa ya ƙare, akushin bai ƙare ba. Ga tsoho Musa nan, idonsa ya tafi tun ina goye, amma kullum akushinsa na isa bukkarsa da zafinsa. Ranar da aka sa mutum a ƙasa, ranar ɗansa zai ɗauki akushin da hannunsa ya kife shi a gindin rumbu. Sai a lokacin ne nauyinsa ke sauka daga wuyan Baba.

To, akwai akushi ɗaya da ba a kife ba, kuma mai shi ba ya cikinmu.

Sule, mahaifin Ɗan Azumi, shi ne babban masuncin Baba. Wata damina ya fita da hantsi, ruwa kwance, ba iska ba hadari. Da la'asar jirginsa ya dawo shi kaɗai, ya zo ya tsaya daidai kututturen da ake ɗaure shi, taru a naɗe, sandar tuƙi a kwance a ciki. An yi ta nema har masu nutso suka gaji. Ba gawa, ba hula, ba ko laya. Tun da ba a sa shi a ƙasa ba, Baba ya ce ba mai kife akushinsa. Kasonsa na kifi da hatsi ana kai wa matarsa a ƙauyen Safo. Jirginsa na nan ɗaure, kowace shekara a toshe shi a shafa masa mai, amma ba mai shiga. Tuwonsa kuwa ni ke kai shi.

Tun ina 'yar ƙarama aikina ke nan. Kafin rana ta faɗi in ɗauki akushin mai alamar ƙafar tsuntsu, in rufe da faifai, in bi ta tsakanin lambunan albasa zuwa kututturen, in ajiye in juyo ba waiwaye. Da safe in na koma sai in tarar da shi ba komai a ciki. Mutane na cewa karnuka ne. To, ni dai ban taɓa ganin karen da ke wanke akushi tas, ya mayar da faifai, ya ɗora dutse a kai ba. Kuma kullum gindinsa a jiƙe yake, da wani sanyi mai warin laka, ko da a tsakiyar bazara ne. Na saba har na daina faɗa wa kowa.

Ku 'yan yanzu da kuke aika wa juna saƙo ta waya, mu akushi ne wayarmu. In ina zuba tuwo, a na Ɗan Azumi mai alamar ƙugiya nakan binne man shanu a tsakiya, yadda Gwaggo Dije ba za ta gani ba. Gwaggo yayar Baba ce, ita ta riƙe ni tun rasuwar Innata, macen da ko tsinke aka motsa a gidan sai ta tambayi wanda ya motsa shi. Shi kuma in akushinsa ya dawo, nakan ɗaga faifan a ɓoye. Ɓarin goro na nufin "kina raina". Farin furen bado na nufin "mu haɗu a kututture". Ranar da na tarar da fure, wallahi har gishirin miya nake mantawa.

Muna cikin haka, wata rana da rana tsaka sai ga baƙo a kan keke, farar riga, gajeren wando, tabarau ɗaure da zare. Mushe Kalebu ne, malamin biro, wato ofishin gwamnati, daga Maraɗi, ɗan mishan, mutum mai ladabi, don sai da ya cire takalmi kafin ya taka tabarmar zaure. Ni na kai masa fura, na koma na laɓe bayan zana, kun dai san halina.

Ya ce, "Malam Audu, sabuwar doka ce ta sauko. Duk mai mutane a ƙarƙashinsa, kowane wata zai cire wani abu daga ladan ma'aikaci, shi ma ya ƙara nashi a kai, a zuba a asusu. Ajiyar tsufa ke nan. Ran da mutum ya gaza, asusun ya riƙa ba shi."

Baba ya shafa gemu. "Mushe, mu nan kihi muke rabawa, ba albashi ba. Watan da ruwa ya ba mu mu ci, watan da ya hana mu ci hatsin bara. Asusun naku yana amsar tarwaɗa?"

"Dala yake amsa, Malam. Kuma bai san watan da ruwa ya hana ba." Ya sunkuyar da kai. "Ni ma aiko ni aka yi. Mutum nawa gare ka?"

"Akushi bakwai."

Aka kira mazan suka jeru a ƙofar zaure, hannuwansu duk ɓawon kifi. Mushe ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ce shi biyar ya gani. Baba ya yi masa bayanin tsoho Musa, ya gyaɗa kai, ya ce makaho ya wuce shekarun shiga. Sannan Baba ya yi masa bayanin Sule, bai ɓoye komai ba. Mushe ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce ko zai iya ganin akushin.

Ni na kawo. Tun safe yana shanye a rana, amma da Mushe ya tallabe shi sai ruwa ya ɗiga daga gindin ya bi ta gwiwar hannunsa. Ya ajiye shi a hankali, ya yi ta goge hannun a wando. Furar da na dama masa da nono mai kyau, ko kallonta bai sake yi ba.

Da zai hau keke ya ce, "Zan dawo in wata ya tsaya, duk mai yi maka aiki ya dangwala yatsa. Amma ɗanka, ko surukinka, ko mai jirgin kansa, ba ruwan doka da shi."

Wannan maganar ta ƙarshe a kunnen Gwaggo ta sauka.

Da la'asar Baba ya shigo tsakar gida ya zauna a kan turmin da aka kwantar, abin da bai taɓa yi ba. Ina gefe ina surfe, Gwaggo na kaɗi. Ya ce, "Yaya, ba ni iya cika akushi in cika asusu. Ko in sallami mutum biyu, ko in sai da jirgi. Kuma wa zan duba in ce ya tahi? Dukansu a gabana suka yi gemu."

Gwaggo ba ta ɗago ba, mazarinta na ta juyawa. "Audu, kai dai ba ka ganin abin da ke gaban hancinka. Man shanuna da ke ƙarewa kullum, cikin akushin wa yake tahiya?"

Wayyo ni! Saura kaɗan taɓarya ta sauka a ƙafata. Ashe duk ɓoyon nan da nake yi, tsohuwar nan kallona kawai take.

Ta ci gaba, "Ka ba yaron ga ɗiyarka, ka ba shi jirgin ubansa. Ya zama suruki, ya zama mai jirgin kansa, ya hita daga takardar Nasara. Kason da kake kaiwa Safo ya koma asusu, uwar kuma ɗanta ya riƙe ta. Ba wanda za ka kora. Abu guda ne kawai, sai ya kihe akushin."

"Na yi ma Sule alkawari, Yaya."

"Matattu ba su cin tuwo, Audu! Masu rai za ka jefa cikin yunwa don wanda kihi ya gama da shi tuni?"

Akushin na can kan tabarmar shanya tare da sauran. Ina kallo da idona, wani siririn ruwa ya fito daga ƙarƙashinsa, ya bi ta kan busasshiyar ƙasa, ya miƙe sak zuwa inda Gwaggo ta miƙe ƙafa. Ba ta dube shi ba, amma ta janye ƙafar. Baba ya ce in yaron ya yarda, shi ma ya yarda.

Jama'a, ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Na ga ruwan, na ji tsigar jikina ta tashi, amma daɗin ya fi ƙarfin tsoron. Shekara da shekaru ina tunanin yadda za a yi ɗan akushi ya buɗe baki ya nemi ɗiyar maigida, sai ga dokar Nasara ta zo ta yi mini aikin. A raina har addu'a na yi wa Mushe Kalebu da kekensa.

Ran nan ni na fara aika fure. Na tsinko bado na ɗora a kan faifan tuwonsa, kunya ta koma gefe. Na ɗaura saƙina baƙi mai ratsin ja, na sa kallabin atamfa da Baba ya sayo mini a Jibiya, na zizara kwalli, na sa 'yan kunnen azurfa na Innata. Gwaggo ta bi ni da kallo ta ce, "Tuwon Sule yau da kwalliya za a kai shi?" Na yi kamar da bango take.

Na same shi zaune a kan kututturen, yana kallon jirgin mahaifinsa. Baba ya riga ya yi masa magana, na gani a fuskarsa. Na ajiye akushin, na tsaya ina wasa da bakin kallabi, ina jiran murna. Bai ko ɗago ba.

Na ce, "Kai, ko ba ka ji abin da aka ce ba?"

"Na ji."

"To shi ne ka zamna kamar an yi maka rasuwa?"

Ya ɗago ya dube ni. "Balaraba, ni so na yi a rubuta ni."

"A rubuta ka? Lebura?"

"Ki saurara. Baba mutumin kirki ne, ba shi da na biyu. Amma akushi ran mutum guda yake bi. In yau Allah ya amshi Baba, gobe wa zai zuba ma tsoho Musa? Mushe ya ce asusun ga, ko maigida ya mutu, ko jirage sun nutse, abin da ka ajiye yana nan da sunanka. Ina son in tsufa ba tare da ina sauraren sawun mai kawo tuwo ba."

Gaskiya ya faɗa, na sani, kuma ita ta fi ba ni haushi. Na ce, "In aka rubuta ka, Baba zai kori mutum biyu, kuma Gwaggo ba ta ba leburan ƙanenta ni. Ka zaɓa, takarda ko ni."

"Ke na zaɓa, tun kina kuka in an yi maki kitso. Takardar ba ita ce ta tsaya mani a wuya ba." Ya nuna akushin da leɓe. "Wancan ne."

Na yi dariya, irin ta ƙarfin hali. "Karnuka ne fa."

"Ni ne."

Na ce ya yi mini bayani. Ya ce lokacin da mahaifinsa ya ɓata, yana yaro, ya ji tsoron in aka ga tuwon ya kwana za a ce Sule ya mutu, a yanke wa uwarsa kaso. Sai ya riƙa laɓewa cikin ciyawa, in na juya ya fito ya cinye, ya wanke a ruwa, ya rufe, ya ɗora dutse.

Kai! Wani sanyi ya sauka a ƙirjina. Na kai masa duka da bakin kallabi ina dariya har da hawaye. "Amma kai mugu ne! Shekara nawa ina gudu cikin albasar mutane saboda kai?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Damina biyu kawai na yi ina ci. Wata rana na hito daga ciyawa, ke ko lambun ba ki ƙetare ba, na ɗaga faifan na iske an riga ni. An cinye, an wanke, dutse bisa kai. Ba kowa a wurin, sai jirgin ga yana rawa a ruwa kamar yanzu mutum ya sauka. Tun ran nan ban ƙara taɓa shi ba."

Iska ba ta kaɗawa, amma na ji igiyar jirgin tana ƙara a jikin kututturen. Na ƙi duban akushin da na ajiye. Da na san abin da ya dace, da na kama hannunsa mun koma wurin Baba. Amma ni a lokacin lallen aurena kawai nake gani. Na ce, "Ko mene ne, ya ci na shekaru, ya isa haka. In kana sona ka kife shi."

Ya dubi ruwa ya ce, "To."

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka yi abin. Gwaggo ta yi gumba ta sadaka, liman ya zo ya yi addu'a, mazan gidan suka tsaya a gindin rumbu, an jawo tsoho Musa da sandarsa an zaunar da shi a inuwa. Ni kuwa tun safe Gwaggo ta ƙunsa mini lalle a hannu da ƙafa, wai na sa rana, ya kama jawur har ƙawayena na santi. Ɗan Azumi ya sa farar rigarsa ta Salla. Baba ya miƙa masa akushin Sule da hannu biyu, idonsa ya yi ja.

"Ɗana, ba dole."

"Na sani, Baba."

Ya durƙusa, ya yi bisimilla, ya kife shi a ƙasa. Ba abin da ya faru. Kaji na ta tonon su, hayaƙin banda na tashi, Gwaggo ta sauke ajiyar zuciya har na ji daga inda nake. Baba ya ce daga yau jirgin Sule na ɗansa ne, kuma ya ba shi Balaraba. Aka shafa fatiha.

Ana cikin raba gumba sai tsoho Musa ya karkata kai wajen zaure ya ce, "Wa ya shigo bai yi sallama ba?"

Aka ce ba kowa.

"A'a. Na ji sawun mutum, kuma ƙafarsa jiƙe take."

Gwaggo ta ce tsufa ne, ta cika masa hannu da gumba don ya yi shiru. Ya riƙe gumbar bai ci ba, fuskarsa na bin wani abu a hankali daga zaure zuwa gindin rumbu.

Yammacin ran nan, karo na farko tun tasowata, ban kai tuwo kututture ba. Sai da ƙafata ta kai ni ƙofar gida da kanta kafin na tuna na juyo. Ɗan Azumi ya aiko akushinsa da ɓarin goro a ciki, na wanke shi da hannuna na jera shi da sauran. Ya gaya wa Baba da sassafe zai fita da jirgin, kamun farko na gaisuwar surukai ne.

Gari ya waye, rana ta ɗan ɗaga, na fito zuba ɗumame. Akusan na jere a kan tabarma yadda na bar su. Sai dai na farkon layin an rufe shi da faifai, an ɗora dutse a kai, ƙasar da ke kewaye da shi ta jiƙe sharkaf. Ban ko buƙaci duba bakinsa ba, amma na duba. Ƙafar tsuntsu ce.

Na waiga gindin rumbu. Akwai akushi a kife a wurin, daidai inda aka kife na Sule jiya. Na isa, na durƙusa, na ɗaga shi. Alamar ƙugiya. A ƙarƙashinsa kuma ga farin furen bado, sabo, ruwa na kwance a cikin ganyensa.

Ihun da na yi shi ya fito da Gwaggo da Baba. Baba ya dubi akusan biyu. Na ce, "Ina yake? Baba, ina yake?"

"Ya hita tun asuba."

Na fizgi akushin Sule, na jefar da dutsen, na fara kwasar ɗumame ina zubawa, rabi a ciki rabi a ƙasa. Na buɗe ƙwaryar man shanun Gwaggo a gaban idonta na juye duka. Ta cafke hannuna, nata hannun sanyi ƙalau.

"Balaraba, ki yi hankali. In tuwo ya koma cikin wanga akushi, alkawarin Sule ya tashi, jirgi ya koma nashi, maganar jiya ta warware. Da hannunki za ki kwance aurenki."

Na dubi lallen hannuna, ja kamar jiya. Wallahi ina son auren nan fiye da yadda zan iya gaya muku. Na ce, "Gwaggo, ya zamna lebura har ya tsufa, in dai zai tsufa. Sake ni."

Baba ya ce, "Yaya, sake ta."

Ban san yadda na ratsa lambunan ba, kallabina ma a can ya faɗi. Na iso kututturen ina haki. Tabkin kwance yake, ko ganye ba ya motsi. Can tsakanin itatuwan da ke tsaye cikin ruwa na hango jirgin yana tafiya a hankali, yana nisa. Na kare ido da hannu na duba da kyau. Mutum biyu ne a ciki. Ɗaya a tsaye da sandar tuƙi, sanye da farar riga. Ɗayan na zaune a goshin jirgin, ba hula, ya ba ni baya, rigarsa baƙa ta manne masa a jiki.

Na ajiye akushin a kan kututturen, na ɗaga faifan don ƙamshin ya tashi. Na kira Ɗan Azumi da sunansa, sunan da kunya ba ta taɓa bari na faɗa a gabansa ba. Bai waiga ba. Sai na shiga ruwan har gwiwa, na tattara duk muryar da Allah ya ba ni.

"Baba Sule! Ga tuwonka! Ba a kife ba, wallahi ba a kife ba! Ka zo ka ci, ka bar mana shi!"

Jirgin ya tsaya cak. Na zaunen ya fara juyo da kansa, a hankali, a hankali. Kafin in ga fuskarsa jirgin ya shige bayan wata babbar itaciya, na daina ganin komai sai sanda tana nitsewa tana fitowa.

Da ya ɓullo ta ɗaya gefen, goshinsa ya juyo wajena, yana tahowa sak zuwa kututturen. Amma yanzu mutum ɗaya ne a ciki, kuma rana na bayansa. Na tsaya cikin ruwan, hannuna bisa goshi, ina jiran ya matso in ga ko rigar fara ce.